Zakaran da Na Aika wa Mutanen da Ban Sani Ba

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma abin da ya shiga tsakanina da maƙwabcina a shekarar da rana ta yi husufi, har gari ya yi duhu da hantsi kaji suka koma akurki, wannan kam da shi zan shiga kabari.

Maƙwabcin nawa Kirista ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa. Da ya ajiye alli sai ya buɗe sibar a Sabon Gari, ɗan shago da ordinata, wato kwamfuta, guda huɗu inda ake shiga intanet. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni nake yanka musu kaza, don in an dafa an miƙo mana mu ci ba tare da tambaya ba.

A lokacin 'yata tana karatu a Yamai, tana aiko mini da wasiƙa ta intanet. Ni ajami na sani, don haka Mushe ke buɗewa ya karanta mini. Wata rana aka kira shi waje, ya bar ni gaban na'urar. Ban taɓa komai ba, Allah ne shaidata, sai ga wata taga ta faɗo da hoton mace wadda tufafinta ba su kai hular kaina ba. Na danna don ta tafi, biyu suka fito. Na sake dannawa, suka zama biyar. Ina cikin rufe gilashin da babbar rigata sai na ji sallamar ladanin masallacinmu a bayana.

"Malam, karatu ake yi?" in ji shi.

Da Mushe ya dawo sai da ya riƙe bango don dariya. Na rantse ba zan sake taka shagonsa ba. Bayan mako guda ya zo har zaure ya ja ni, ya ce ya sa sabon nabigata, wato abin da ake buɗe shafukan intanet da shi, kuma wannan yana tare tagogin banza tun daga ƙofa. Na zauna ina karanta A'uzu. Aka buɗe wasiƙa, aka karanta, aka rufe, ko ɗankwali bai faɗo ba.

Na ce, "Na wane attajiri ne?"

Ya ce, "Ba shi da mai shi. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu. Cikinsa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya kwafa, in ya ga kuskure ya gyara. Kuma kyauta ne."

Nan take na gane, domin haka littattafan kakana suke. A ƙarshen kowanne marubucin yana roƙon wanda ya ga kuskure ya gyara, gefen takardu kuwa cike da hannun mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Sai dai mu an koya mana ba a cin amfanin ilmin mutum a tafi hannu rabbana. Mutanen nan sun rufa mini asiri, dole in gode. Akwai wani jan zakara da ƙanwata ta aiko mini daga garin Dogo, mai baƙar jela, ina tattalinsa don Salla. Na ɗaure ƙafafunsa na kai wa Mushe.

"Ka aika musu."

Ya dube ni, ya dubi zakara. "Ta jirgi ko ta waya, Malam?"

"Ta inda kuke karɓo kayansu."

Ya ce an gama. Shi ya ɗauka wasa nake yi, ni kuwa har addu'a na raka zakaran da ita.

Bayan kwana biyu aka miƙo mana farfesu ta kan katanga. Na ci, na tsotse ƙashi, na aika a gaya wa Madam, matar Mushe, hannunta ya yi albarka. Sai uwargidana ta ce, "Yau wa ya yanka musu? Ban ga an kira ka ba." Na fita na leƙa bayan gidansu, ga jan gashi da baƙar jela a kan juji. Ashe wurin mahauci ya kai shi don kada in gane.

Yau in na tuna dariya nake yi, amma a ranar zuciyata ta ɓaci ƙwarai. Ba naman ne ya dame ni ba. Amana na ba shi ya mai da ita farfesu, ya kuma ciyar da ni. Na daina gaishe shi. Madam ta koma kai kajinta kasuwa a yanka, katanga ta yi shiru. Wasiƙun 'yata kuwa sai na riƙa zuwa wani sibar a unguwar Zango, nan ma na tarar da nabigatan nan. Na koma na unguwar Birni, shi ne dai. Har wani ma'aikacin likita daga Gidimuni na ji yana yabonsa. Duk gari ya karɓe shi, ni kuwa duk inda na ga tambarinsa sai in ji ƙamshin farfesu.

Damina ta wuce a haka. Ran nan bayan la'asar ina zaure sai ga Mushe, zakara a hammata, takardu a hannu. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Malam, na yi laifi, na ɗauki maganarka wasa. Ga zakaranka, ya fi wancan tsoka. Na kuma binciko yadda ake gode wa mutanenka. Ba sa cin kaza, aiki suke karɓa. Suna neman masu sa nabigatan cikin harsunan jama'a. Ni Faransanci ya cinye mini rabin Hausa, kai kuwa taka tana nan."

Na so in ƙara ja masa rai, amma zakaran ya yi cara a tsakiyar fushina, muka fashe da dariya.

Makonni muka yi a zauren nan. Yana fassara mini abin da kowane maɓalli yake yi, ina rubuta Hausarsa da tawada a ajami, yana mayarwa boko yana aikawa. Ko sun ɗauki namu ko sun gyara, ban sani ba, kuma ina fata sun gyara. Ranar da muka gama na kawo wuƙata na yanka zakaran da hannuna. Madam ta dafa, wannan karon na san abin da nake ci.

Tun daga nan na koyi cewa abin da jama'a suka gina don kowa, godiyarsa ita ce kai ma ka sa hannu. Na kuma koyi cewa in za ka ba maƙwabci saƙo mai fuka-fuki, ka tabbatar ya ga fuskarka ba dariya.