Evaristo Kangwa Lombe, Maƙerin Hanyar Ƙwallo na Mufulira

Haihuwa da karatu

An haifi Evaristo Kangwa Lombe ranar 9 ga watan Yunin shekarar 1951 a unguwar Kankoyo ta garin Mufulira. Mahaifinsa, Protasio Lombe, ma'aikacin haƙar tagulla ne, mahaifiyarsa kuwa, Belita Nkole, tana sayar da busasshen kifi. Ya shiga makarantar mishan a 1959, ya fita a 1966 ba tare da wata shahada ta kirki ba, domin hankalinsa yana kan motocin waya da yake lanƙwasawa a ƙarƙashin tebur.

Aiki da aure

A 1970 kamfanin ma'adinai ya ɗauke shi aikin walda. A 1975 ya auri Agness Musonda, Allah Ya ba su 'yar fari, Kasuba, wadda da sunanta aka riƙa kiransa Bashi Kasuba, wato Baban Kasuba. Sa'ad da mijin yayarsa ya rasu a 1983, ya ɗauko ɗanta Boniface Sampa ya riƙe, kamar yadda al'adar ƙabilarsu ta Bemba ta wajabta wa kawu, ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta. Shekara ashirin da huɗu ya yi wa kamfani hidima, sakamakonsa takardar sallama da agogon bango, a 1994.

Sana'arsa

Da guntayen wayar tagulla ya soma sana'ar da ta fito da sunansa. Yakan gina siririyar hanya mai lanƙwasa da gadoji da ƙararrawa, ɗan inji ya ɗaga ƙwallayen gilashi zuwa sama, su gangaro, ya sake ɗaga su. Bai taɓa yin guda biyu iri ɗaya ba. Duk wanda ya kawo masa aiki sai ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa tukuna, daga nan Bashi Kasuba zai yanke siffar da ta dace da shi. Wani tsohon direban jirgin ƙasa ya sami kan jirgi mai fitar da ƙwallo ta bututun hayaƙi. Wata attajira mai fataucin kifi daga Mpulungu ta nemi zaki, ya yi mata kifi, ta yi fushi wata guda sannan ta aiko a ɗauka.

Ba ya zane, ba ya awo da ma'auni, da kunne yake saita gangara. Ƙwallo in ya yi gaggawa ko ya yi nawa, sautinsa a kan waya yake gaya masa. A cikin duk waɗanda suka zauna a shagonsa, Kasuba kaɗai ta gaji wannan kunne, kuma tun 1998 ita ce hannun damansa. Burinsa guda ɗaya ne, ya sha faɗa a gaban jama'a: shagon da kayan aikinsa su zama nata bayan ransa.

Faɗa da baki ya yi, rubutawa ce ya ƙi. Tun 1989 akwai dokar da ta ba 'ya'ya haƙƙinsu a gado, amma a Kankoyo har yanzu dangin uwa ne ke zama su raba kayan mamaci, kuma ɗan 'yar'uwa ne a sahun gaba. Matarsa ta yi magiya, limamin cocinsu ya yi nasiha, amsarsa ba ta sauya ba: "Wasiyya? So kuke in kira mutuwa da hannuna? Boniface a cinyata ya girma, shi ne zai cuci Kasuba?" Shi kuwa Boniface, wanda a lokacin yake dillancin tsofaffin ƙarafa a Kitwe, yakan durƙusa ya tafa hannu ya ce, "Haba Kawu, ni da ƙanwata? Ko allura ba zan taɓa ba." Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Aikinsa na ƙarshe

A watan Maris na 2017 wani mai otal a Livingstone ya ba shi aikin da ya fi kowanne girma: siffar babban ruwan da ke zubowa daga kogin Zambezi, tsayin mita uku, mai hanyoyi goma sha ɗaya da ƙwallaye ɗari uku. Uba da 'ya suka shekara biyu a kansa. Hanyoyi tara sun kammala sa'ad da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon 2019, Kasuba kuma ta tabbatar wa mai otal cewa wata biyu sun ishe ta ƙarasa sauran.

Rasuwa

Ya rasu ranar 4 ga Mayun 2019 yana da shekara sittin da bakwai, aka yi masa addu'a a cocin Katolika na unguwarsu, aka binne shi a maƙabartar Chatulinga. Washegari dangin uwarsa suka zauna rabon kaya, suka miƙa wa Boniface mabuɗin shago. Kasuba ta roƙi a bar mata wata biyun nan kawai. Ya ce mata, "Ke ma dai, wasan yara ne za ki hana mu ci abinci a kansa? In kina da takarda, fito da ita." Ta shigar da ƙara, amma kafin ƙarar ta kai gaban alƙali, an yanka aikin gunduwa-gunduwa an ɗora a sikeli, kilo ɗari da arba'in. Mai wannan rubutu ya ga motar da ta kwashe shi, kuma har yau bai yafe ba.

Marigayin ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: Chomba, direban babbar mota a Ndola, Mwila, malamar asibiti a Kasama, Katongo, wanda ke zaune da mahaifiyarsu, da babbarsu Kasuba, wadda yanzu take sayar da tumatir a kasuwar Kankoyo. Rabonta a gadon mahaifinta buhu ɗaya ne na ƙwallayen gilashi, domin masu awon ƙarfe ba sa sayen gilashi.