Rantsuwar Alƙali da Jan Takalmi

Jiya jikata ta sauko mini da wata tsohuwar gafaka daga rataye, tana binciken abin da ba ta ajiye ba, kamar yadda ta saba. Tana buɗe bakin gafakar ƙanshin jan fata da tsohuwar takarda ya bugi hancina, na ji ni tsundum a zauren kakana a Ƙofar Marke. Na ce ta ajiye ta tafi wasanta, don ba na son yarinya ta ga tsohuwa tana share hawaye a kan fata.

Kakana alƙali ne a birnin nan, amma kada ka ji na ce alƙali ka ɗauka abin da ya nema ne. Malamin zaure ne tun farko, manyan ɗalibai suna ɗaukar fiƙihu a gabansa daga hantsi zuwa azahar. Daga baya aka ɗauke shi muhuti, yana zama gefen tsohon alƙali yana duba masa littafi idan magana ta yi wuya. Kakata ta ba ni labari cewa da tsohon ya rasu, kakana ya ji ana raɗe-raɗin shi za a naɗa, sai ya sulale ya tafi wani ƙauye a bakin gulbi ya ɓuya wurin manoman shinkafa. Kwana uku manzon fada ya same shi cikin laka yana taya su cire ciyawa. Aka taso ƙeyarsa, aka naɗa masa rawani, mutane suna ta yi masa murna shi kuwa fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

Daga ranar gidanmu ya zama rufaffen gida. Kakana ya daina shiga kasuwa, don kada mai kaya ya yi masa rangwame saboda rawani. Ya daina zuwa suna da walima. Idan maƙwabta suka aiko da akushi, sai an tambaya ko akwai wani nasu da ke da ƙara kafin a buɗe, sau da yawa kuma a rufe yake komawa, mu yara muna bin sa da ido muna haɗiyar yawu. Ba ya zama shari'a da yunwa ko da fushi, don haka kakata ta ƙware wajen dama masa fura da wuri da kuma haɗiye maganarta har sai ya tashi daga zaure. Tabarmi biyu ne a gabansa, iri ɗaya, kuma ko bawa ne ya kai ƙarar attajiri, kafaɗa da kafaɗa za su zauna. Mutane suna yabonsa a kan haka. Ni dai abin da na gani shi ne tsoho mai son hira wanda ba shi da wurin zuwa.

Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, ta gidan amininsa, wani baduku da suka yi karatun allo tare. Shi ya ɗinka masa duk gafakun littattafansa. Kowace Juma'a idan aka sauko masallaci can kakana yake zarcewa, su ci tuwon shinkafa cikin akushi ɗaya, ni kuma ina biye riƙe da butarsa. A can kaɗai na taɓa jin ya yi dariya har da tari. Da yake ni jika ce, kakana "amarya" yake kirana, badukun kuwa ya sha alwashin sai ya ƙwace ni daga hannunsa. Kowace ƙaramar salla sai ya ɗinka mini jan takalmi ya ce kayan zance ne, ya ce mijina tsoho ne marowaci, ban da takarda ba shi da komai.

Ina da kamar shekara tara aka kawo ƙarar da ta rufe wannan ƙofa. Badukun yana da gonar gado a fadama, gulbi ya cinye iyakarta, sai wani manomi baƙo da ke maƙwabtaka da ita ya ce nasa gefen aka shiga. Ranar zama na farko, kafin a ce komai, manomin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, ni ba ni da kowa garin ga. An ce mani kowace Juma'a gidan abokin shari'ata kake cin tuwo." Kakana ya ce gaskiya aka gaya masa. Sannan ya rantse a gaban jama'a cewa ba zai taka gidan ba, ba zai karɓi komai daga cikinsa ba, ko abu ko magana, har sai an yanke hukunci.

Ya ɗauka maganar sati biyu ce. Ashe mutum ɗaya tak ya rage a raye da ya san inda aka dasa tsohuwar iyaka, kuma ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ba a sa ran dawowarsa sai bayan damina. Kakana ya aika fada yana roƙon a mayar da ƙarar gaban wani alƙali, aka ce masa babu wanda zai fi shi riƙe ta. Ya sake aikawa yana roƙon a sauke shi gaba ɗaya, aka ce ya yi haƙuri. Juma'a ta koma ranar da na fi tsana. Daga masallaci sai gida, ya zauna cikin soro da littafi a buɗe, shafi ɗaya har la'asar.

Da ruwa ya zauna sosai sai labari ya zo badukun ya kwanta, ƙirji ya kama shi. Na ji kakata tana cewa, "Malam, rantsuwa dai tana da kahhwara, kai ka karantam muna." Ya ce, "Kahhwara tana wanke ni wurin Allah. Mi za shi wanke zuciyar mutumen can in hukunci bai yi mai daɗi ba?" Ranar nan da ƙarfi ta riƙa ajiye ƙwarya.

Azumi ya faɗo cikin daminar nan. Ranar jajibirin salla na haɗu da matar badukun a bakin rijiya, ta ciro jan takalmi daga cikin zanenta ta ce mijinta yana kwance ya ƙarasa shi, kada a ce ya fasa zance. Ni ban ga wata rantsuwa a jikin takalmi ba, abin kowace shekara ne. Na zura ƙafa na taho gida ina taku ɗai-ɗai don kowa ya gani. Kakana yana alwala a tsakar gida, ya dubi ƙafata, ya daɗe yana duban ɗinkin. Sannan ya ce, a hankali, in cire in mayar da hannuna. Ya ƙara da cewa, "Amarya, ki aje ki juyo. Duk abin da anka ce miki can, ki bar shi can. Ko kalma guda kar ki shigo da ita gidan ga."

Na tafi ƙafa ba takalmi cikin caɓi, ina kuka. Na tarar da badukun a kwance kan buzu, ya rame har ban so in dube shi ba, ɗakin yana warin jiƙo da danshi. Na ajiye takalmin kusa da hannunsa. Ya shafa shi, ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari, ya ce ya san halin mijina. Sai ya kama wuyan hannuna ya jawo ni kusa, don 'ya'yansa maza suna zaure kuma su ne suka fi zafi a kan gonar. Ya ce, "Ki ce mai na bar gonar. Shi aiko shaidu biyu in hwaɗa gabansu, magana ta ƙare. Ki ce mai shi zo in gane shi."

Ka ga inda na tsinci kaina. Na dawo da maganar a bakina, na samu kakana a soro na ce, "Kaka, ya ce..." Ya ɗaga hannu. "Mi nic ce miki?" Na so in gaya wa kakata, amma cewa aka yi kada in shigo da ita gidan, kakata kuwa cikin gidan take. A gidan da na tashi, idan alƙali ya ce ko kalma guda, ba wanda ke tsayawa auna kalmar. Kwana biyar ina yawo da ita. An yi salla ban ci tuwon kirki ba, aka ce fushin takalmi nake yi, na bar su a haka. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa ko da za a doke ni, in na ga fuskarsa kuma sai bakina ya mutu.

Rana ta shida da hantsi aka aiko ya rasu. Kakana bai shiga gidan ba. A waje ya tsaya cikin yayyafi har aka fito da shi, ya bi sahu aka yi salla, ya bi makara har maƙabarta, ya dawo ya zauna shari'ar wasu mutane da ke rigima a kan jaki.

Sai da aka fara yankan gero ayari ya iso. Mai shaidar ya je fadama da wakilan alƙali, ya nuna kututturen giginyar da aka yi iyaka da ita, gona ta tabbata ta badukun ce. Manomin ya ce ya yarda, ko musu bai yi ba, har ya yi wa kakana addu'a. Da zaure ya watse kakana ya sa aka kira ni. Ya ce, "To amarya, an yanke. Yanzu hwaɗa mani abin da yac ce." Na faɗa masa duka, yadda aka faɗa mini, don ban bar kalma ɗaya ta ɓace ba. Na fara kuka ina cewa laifina ne. Ya ce, "A'a. Ke kin yi abin da anka ce miki. Ni nic ce."

Ya ƙara shekara goma sha wani abu a kan buzun alƙalanci, yana roƙon a sauke shi ana ba shi haƙuri, har ya rasu da rawaninsa. Ban ƙara jin ya kira ni amarya ba.

Yanzu birni ya cika, alƙalai suna zuwa suna da walima kamar kowa, kuma ban ce sun yi laifi ba. Idan aka ambaci kakana sai a ce an yi mutane, ni kuma in ce haka ne, in yi shiru da sauran. Jikokina suna yi mini dariya wai na cika bin diddigi, don ko gishiri na aiki yaro ya karɓo a maƙwabta, sai na zaunar da shi na tambaye shi me aka ce, sai kuma me, ba abin da ya rage? Wani lokaci yaron yana ƙoƙarin zillewa ina riƙe da hannunsa. Ba na sakinsa sai ya ce mini ya faɗi duka.