Kawu Mai Agogo da Abokin Tayinsa

"To shi wannan mutumin ba ya cin abinci ne?" in ji Kawu. "Ba ya zagayawa? Ina tayawa, kafin in ɗauke yatsa ya ɗora a kaina."

"Wataƙila hannunsa ne da sauri," na ce.

"Wane sauri? Jiya na bari sai da rana ta take, lokacin da kowa ke kan kwano, na lallaɓa na ƙara. Ashe yana nan zaune."

Kawu yayan mahaifiyata ne, gyaran agogo yake yi tun kafin a haife ni. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene. Idan wani na hawa, agogunan bango sai su yi ta kaɗawa. Yana da tabarau mai ido ɗaya da yake maƙalawa, da ɗan hantsaki, da murfin kwalba inda yake tara ƙananan kusoshi don kada numfashi ya watsa su. A unguwar an san shi da iya ciniki. Shi ake ɗauka rakiya idan za a sayi firji ko keke, domin bai taɓa bari mai kaya ya san inda zai tsaya ba.

Abin da ya kai shi gwanjon intanet agogon Malama ne, wata tsohuwar malamar makaranta da idonta ya yi rauni. Ba ta ganin hannun agogo, bugunsa take saurare ta san lokacin shan magani. Injin bugun ya cinye, kamfanin kuma ya daɗe da daina yin irinsa. Kawu ya yi mata alkawari, har ya dafa ƙirji. Bayan dogon nema aka ga wani a wata ƙasa mai nisa ya sa irin injin a gwanjo, kuma a yammacin ranar da muke wannan hirar za a rufe.

Muna cikin haka Auta ta shigo, 'yarsa ta ƙarshe, da rigar aikin asibiti, ta kawo masa ƙwayar hawan jini. Ta karɓi wayar ta duba, ta yi dariya har da riƙe baki.

"Baba, da wa kake kokawa? Babu kowa a wurin."

"Babu kowa? Aljani ke ƙara mini?"

"Mutumin ya zo sau ɗaya, ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, ya tafi harkarsa. Na'urar gwanjon ce wakilinsa. Ba ta fitar da kuɗin duka. Duk sanda ka taya, sai ta ɗora ɗan taki ɗaya a kanka, har ta kai iyakar da ya ba ta."

Kawu ya cire tabarau. "Dillali ke nan."

"Kusan haka."

"Kuma dillalin ya san cikin aljihuna, ya san cikin nasa?"

"Ya sani, amma ba ya faɗa. Idan iyakarka ta fi tasa, kai ka ci, kuma taki ɗaya kawai za ka biya a kan tasa."

"Ragowar fa? Wa ke cinyewa?"

"Tana aljihunka."

"Idan muka rubuta abu ɗaya fa?"

"Wanda ya riga rubutawa."

Ya daɗe yana juya hantsakin a hannu. Ya ce shi dai bai taɓa ganin dillalin da zai ga rara ya kawar da kai ba. Sannan ya ce ya san maganinsu: zai kashe wayar ya yi kamar ya fasa, mai kayan da kansa zai kira shi ya ce dawo mu daidaita.

"Baba, ba wanda zai biyo ka da kira. Lokaci na cika a rufe, Malama ta ci gaba da tambayar maƙwabta ƙarfe nawa."

Wannan ce ta taɓa shi. Ya ce ko uwarta ba ta taɓa jin farashinsa na ƙarshe ba, yau ga shi zai raɗa wa waya. Ya sa muka juya baya, ya kare fuskar wayar da tafin hannu, ya rubuta da yatsa ɗaya. Nan take farashin ya ɗan hau, aka nuna shi ne a gaba.

"Yanzu me zan yi?"

"Ba komai. Aikinka."

Auta ta koma asibiti. Kawu ya ɗauki wani agogon hannu ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Can wani baƙo ya faɗo gwanjon ya taya, wakilin Kawu ya ɗora a kansa ba tare da an taɓa wayar ba. Kawu ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Yaron yana da ladabi," ya ce. "Bai zarce ba."

Da aka rufe, injin ya zama nasa. Ya duba abin da zai biya, ya ce bai kai inda ya tsaya ba, amma ya ƙi faɗa mini tazarar. Ya tambaye ni ko akwai inda ake gaisawa da wanda aka kayar. Na duba, na ce ban ga wurin ba.

"Kash. Na so in ji me zai yi da injin. Ko shi ma wata tsohuwa ce ke jiransa. Kwana da kwanaki ina zufa, ashe shi yana can yana sha'aninsa."

Ya sa hula, ya lalubi makulli a cikin tarkacen tebur.

"Ja mini ƙofar nan. Bari in je in faɗa wa Malama ta ƙara haƙuri, abin yana hanya. Daga can zan biya wurin mai shagon magani, agogonsa na gudu."

Ya rataya jakar kayan aiki, ya bi gefen titi.