Mai Gasa Magani a Rana

Mai sayar da maganin gona yana zaune bakin shagonsa, tumbi a gaba, yana fifita da ledar maganin da Auta ta zo saya. Garin naman gwari ne mai rai, wanda ke zama a saiwar tumatir yana kashe tsutsar da ke cinye lambun Babanta. Shi kuwa ya jibge ledojin kan teburin ƙarfe, rana tana gasa su.

"Malam, ba zafi ke kashe shi ba?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Yarinya, gari ne, ba jariri ba."

Da gani bai taɓa tuge tumatir ya ga yadda tsutsa ta mai da saiwa duk ƙulli ba. Auta ta taɓa leda, ta janye hannu saboda zafi. Ga shi yana miƙa wa wani tsoho guda biyu, har da yi masa albishir wai tsutsa ta ƙare.