Wutar da Yayana Yake Hurawa a Ƙarƙashin Ƙasa

Akwai wani tashin hankali da muka shiga a gidanmu na unguwar Gumbihini a Tamale wanda har na mutu ba zai fita daga raina ba. Shekarar yunwa ce, wadda gobarar daji ta lashe gonaki, har da ta masarar Mma, mahaifiyarmu. Yayana kuwa yana Romaniya, gwamnati ta tura shi koyon haƙar man fetur.

Wani abokin karatunsa ya dawo Tamale, ya zo gaishe mu. Cikin hira ya ce ai inda Yaya yake aiki wuta ce ke ci a ƙarƙashin ƙasa, su kuma suna tafiya a kanta. Shi da alfahari ya faɗa. Mma ta ajiye ludayin koko. Matar da ta ga wuta ta haɗiye gonarta, me za ka gaya mata?

Daga ranar ta daina cin abinci, ɗan tuwon da muke samu da ƙyar sai ta ture mini. Na yi ta zirya gidan waya, kullum a ce layi bai shiga ba, Mma kuma tana ramewa a gabana.

Ranar da aka same shi, tare muka je. Ta karɓi wayar, ta ce ya bar karatun ya dawo. Na kanga kunnena ina jin muryarsa can nesa.

"Mma, man nan daskararre ne, kamar man kaɗenki da sanyin safiya. Sai ya ji zafi yake narkewa."

Ya ce da gangan suke kunna wutar can ƙasa da nisa, su tura mata iska ta bututu, ta ƙona kaɗan, sauran ya malala zuwa wata rijiyar a zuƙo. In suka tsayar da iskar, wutar mutuwa take yi.

Mma ta ce, "To, kana dai cin abinci?"

A hanyar gida ta sayi rogo, muka ci muna tafe. Tun daga nan na koyi cewa in zan kai wa uwa labarin ɗanta, ko dai in kai shi cikakke, ko in riƙe bakina.