Gurguwar da na ƙi warkarwa

Ina da shekara tara, lokacin da ake ta maganar Faransawa za su tafi, gwaggona ce ke yi mana tatsuniya a tsakar gidanmu na unguwar Birni bayan cin tuwo. Ta iya, ba ƙarya. Amma abu ɗaya yana ƙona mini rai: duk gurguwar da ta shigo tatsuniyarta sai an warkar da ita kafin ta ga daɗi. Wata tsohuwa ta shafa mata magani, ƙafa ta miƙe, sannan a yi shagali. Makaho ma sai idonsa ya buɗe. Wanda bai warke ba kuwa, mugu ne.

Ni kuma shan inna ya shanye mini ƙafar hagu, likita ya riga ya gaya wa babana ba za ta miƙe ba. Sai na ɗauka irina ba mu da ƙarshe mai kyau, abin yana sa ni kuka a ɓoye.

A gidanmu in gwaggo ta gaji, yara ke karɓa bi da bi. Da aka zo kaina na ƙago tawa. Dodo ya kwashe yaran gari. Masu ƙafa suka bi ta ƙofar gidansa don ceto su, ya haɗa da su. Wata gurguwa, da ta saba rarrafe, ta kutsa ta rariyar ruwa, ta kwance kowa. Na ce ƙurunƙus.

"A'a, ɗiyata, ba ki gama ba," in ji gwaggo. "Ƙafar fa?"

"Tana nan yadda take, Gwaggo."

"Haka ake barin mutum a tatsuniya?"

"In ta miƙe, gobe wa zai shiga rariyar?"

Yara suka fashe da dariya, gwaggo ta ja tsaki ta ce bakina ya fi ni girma.

Bayan kwanaki ƴan'uwanmu na Mirriya suka zo da yaransu. Gwaggo ta gyara zama, sai na ji tatsuniyata a bakinta, har ta yi mata waƙa. Da ta kai inda aka fito da yaran daga hannun Dodo, na ce a raina yanzu za ta ɓata mini ita. Ta dube ni, ta ce, "Gurguwa ta koma gida da rarrafenta, gari duka ya fito tarbarta, har da masu ganga."

Daɗi ya kama ni, na rangaɗa guɗa har babana ya leƙo daga zaure yana tambayar wa ta haihu.