Baba Wahabu, Mai Fiton da Bai Ware Kowa Ba

Kafin rana ta ɗaga, Baba Abdulwahabu ya riga ya sauka bakin gulbi, gorar tuƙi a kafaɗa. Ya kwashe ruwan da ya kwana cikin jirgi da ƙoƙo, ya toshe tsaga da tsumma, ya zauna jiran masu zuwa kasuwar Gummi. Tun muna goye yake fito a mashigin nan. Bana kafaɗa ta gaza, ya ce da ruwa ya janye zai aje gora.

Aikinsa ƙa'ida guda gare shi: fasinja ba ya zaɓen wurin zama. Baba ne zai auna mutum da ido, ya ce nan ko can, don kada jirgi ya karkata.

Sai zaɓen shugaban ƙasa ya zo ya tsaga garinmu biyu. Aka ƙona rumfuna, aka daina gaisawa, har zuwa taron suna sai an tambayi wanda mai gida ya jefa wa ƙuri'a. Ranar kasuwar farko bayan sakamako, kowa ya so zama da nasa. Waɗanda suka ci sun fi yawa, suka cunkushe gefe guda, jirgi ya sunkuya.

Uwani mai man gyaɗa tana ciki, ita ta ba da labari. Ta ce Baba ya kafa gora, ya dubi Jabiru, jagoran matasan da suka ci.

"Tashi, koma can kusa da Naziru."

"Haba Baba, wanga? Shi fa ya jefi gidanmu!"

"Ni ban san jifa ba, ɗana, ƙiba na sani. Gefen can na son ƙato, kai ko tuwon Inna ya karɓe ka."

Ba wanda ya yi dariya. Amma Jabiru ya tashi. Suka haye kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon ruwa.

Daga baya manyan wannan ɓangare suka ce ya daina ɗaukar 'yan wancan. Na wancan ma suka zo da irin tasu. Duka ya ce musu a'a, duka kuma suka riƙe shi a rai. Majalisar gindin tsamiya, inda ya tsufa yana cin tuwo, in ya doso da akushinsa sai hira ta mutu. Har ƙanensa Malam Faruku ya janye tabarma. Tun daga nan, cikin jirgi yake cin abincinsa, shi da kwaɗi.

Baba, kai ne gadar da ba a gina mana ba. Ba ka hau mumbari ba, ba ka ɗaga tuta ba, amma jirginka ne kaɗai wurin da mutanen garin nan suka ci gaba da zama kusa da juna. Mun gode. Allah ya sauwaƙe kafaɗa, ya saka da Aljanna.

Masu niƙa, masu kabu-kabu, masu shago, ku duba wannan dattijo. Wanda ya zo, a yi masa aiki, a bar tambayar ƙuri'a.

Sai dai ruwa ya fara janyewa. Yanzu ko ba a so, ana ce masa sannu don a hau jirgi. In ya aje gora, wa zai ce masa? Jama'a, a matsa a ba shi wuri gindin tsamiya. Malam Faruku, yayanka ne. Kai za ka fara.